Bushiya Kyallu da Lakar Tafkin Giwa

An yi wani tafki a can cikin daji ana ce masa Tafkin Giwa. Idan rani ya yi nisa duk dabbobin yankin nan suke sha, don babu wani ruwa kusa. A gefen tafkin akwai wani babban tudu na baƙar ƙasa, shi kuma ana kiransa Tudun Kaka.

Tafkin yana da masu tsaro biyu. Na farko Babba-da-jaka ne, dogon tsuntsun nan mai jaka a wuya. Sunansa Jatau, sarautarsa Uban Tafki. Jatau akwai girman kai. Idan ka gaishe shi sai ya gama kallon sama tukuna ya amsa. A wancan zamani kansa cike yake da farin gashi mai laushi, kuma yana ji da gashin nan fiye da komai.

Na biyu Gyado ne mai suna Barmo, shi ne Ma'ajin Laka. Barmo akwai haɗama. Ko yana magana da kai, idonsa na kan abin da ka riƙo.

Sai wata Bushiya, Kyallu, wadda ba ta da sarautar komai sai 'ya'ya ƙanana da yawan tambaya. Kyallu ba ta iya ganin abu ta wuce. Sai ta tsaya, ta sunsuna, ta ce, "To, wannan kuma me ya sa?" Maƙwabta har sun gaji da ita.

Ga yadda al'adar tafkin take. Duk wanda zai sha ruwa, sai ya fara zuwa Tudun Kaka ya ɗebo ƙasa, ya kawo ya zuba a cikin tafki, sannan ya sha. Jatau ya ce ƙasar nan ita ce abincin tafki. Idan ta kwana cikin ruwa sai ta zama laka mai albarka, wadda ake shafa wa mara lafiya da jariri da mai shirin tafiya. Amma ba mai taɓa lakar sai Barmo. Idan kana so, sai ka kawo masa ɗinya ko kanya ko doyar daji, ka kawo wa Uban Tafki fara ko gara, sannan a lakato maka ɗan kaɗan a kan ganye.

Masu tsaron nan ba su zauna haka kawai ba, suna da manyan mas'aloli da suke yini suna gardama a kai. Jatau ya ce da baki ake ɗauko ƙasa. Barmo ya ce a'a, da hanci ake turo ta. Sun daɗe ba sa ga maciji a kan wannan. An kuma yi wani dogon zama a kan ko ƙasar da ta zube a hanya tana da lada. Dabbobi suka rabu biyu, har 'yan uwa suka daina gaisawa. Ni dai ban ji an ce ko ɗaya daga cikinsu ya taɓa tsayawa ya dubi ruwan ba.

Ruwan kuwa ja da baya yake yi kowace shekara. Bakin tafki duk ya zama laka mai faɗi, mai santsi, ruwan ya koma can tsakiya. Manyan dabbobi masu dogayen ƙafafu suna kutsawa su sha. Ƙananan kuwa sai su bi ta kan wani gungumen kanya da ya faɗi ya miƙe zuwa cikin tafkin, su je ƙarshensa su sunkuya.

Wata rana da hantsi Kyallu ta jero da 'ya'yanta a kan gungumen nan. Da suka isa ƙarshe, ta miƙa wuya iyakar miƙawa, da ƙyar harshenta ya taɓa ruwa. Yaran kam ba su kai ba. Sai da ta riƙa tsotsowa tana zuba musu a baki ɗaya bayan ɗaya.

Autarta ta ce, "Inna, ban ƙoshi ba."

Kyallu ta dubi ruwan. Damina da saura, kuma idan ruwan nan ya ƙara matsawa kaɗan, ko ita ba za ta kai ba.

Ta nufi gindin tsamiyar da masu tsaro ke zama, ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, Uban Tafki, ina da tambaya."

Jatau ya gama kallon sama, ya ce, "Ke da tambaya kullum. Faɗi."

"Me ya sa ruwan ke raguwa?"

"Saboda halinku ne," in ji Jatau. "Zukatanku sun bushe, shi ya sa tafki ke bushewa. Ƙasar da kuke kawowa ta yi kaɗan."

Barmo ya sa baki, yana tauna. "Ɗinyar ma ta yi kaɗan."

"To, ranka ya daɗe, bara ma haka aka ce, muka ƙara ƙasa, ruwan ya ƙara raguwa."

"Da ba ku ƙara ba, da tuni ya ƙafe. Tashi ki ba mu wuri."

Kyallu ta tashi. Amsar ba ta zauna mata ba, amma ta ce bari dai ta bi umarni. Washegari ta je Tudun Kaka da niyyar ɗebo ƙasa mai yawa. Saman tudun duk an kwashe, don haka ta yi haƙa mai zurfi. Tana cikin haƙa sai wani abu ya soke ta a hanci. Ta ciro ta duba, ƙayar kifi ce. Ta ƙara haƙawa, sai ga kwanson katantanwa, ga busasshiyar saiwar bado, ga wata ƙayar kifin.

Kyallu ta zauna ta ƙura musu ido. "Ikon Allah! Me ya kawo kifi kan tudu?"

Ta kwashi kayan ta koma gindin tsamiya. Jatau ya dube su da ido ɗaya, ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya don na kusa su ji.

"Wannan ai sananne ne ga masu ilimi. A zamanin Kaka Giwa, kifaye sukan fito daga ruwa su hau tudu su gaishe ta. Wasu daɗin wurin ya riƙe su, suka ƙi komawa."

Dabbobin da ke wurin suka yi ta jinjina kai. Barmo ya yi wuf ya kwashe ƙayoyin. "Waɗannan kayan albarka ne. Duk mai son ya shafa, ya kawo kanya."

Kyallu ta ce, "To, ranka ya daɗe, badon fa? Shi ma gaisuwar ya zo?"

Wani Kurege ya fashe da dariya, ya yi sauri ya toshe baki. Gashin kan Jatau ya miƙe.

"Ke, 'yar ƙaya! Ni kike yi wa ba'a?"

"Wallahi ba ba'a ba ce, so nake in sani."

"Akwai abin da ba a tambaya!"

"Me ya sa, ranka ya daɗe?"

Jatau ya juya mata baya.

Kyallu ta tafi tana tunani. Sai ta tuna da Iya Dudu, wata tsohuwar Kififiya da ke zaune a ƙarƙashin saiwar wani farin gawo a ƙarshen tafkin. An ce babu wanda ya kai ta shekaru a dajin nan. Ba mai zuwa wurinta, don ana cewa tsufa ya taɓa mata kai. Kyallu ta nufi can.

"Sannu da hutawa, Iya."

"Yauwa, jikata. Wace ce? Matso, idon ya yi rauni."

Kyallu ta matsa, ta faɗi sunanta, ta ba ta labarin ƙayar kifi da saiwar bado. Tsohuwa ta yi dariya har ta yi tari.

"Kifi ya hau tudu gaisuwa! Kai, Jatau bai da dama. Jikata, tudun nan ai daga cikin tafki ya fito."

"Daga cikin tafki, Iya?"

"Ƙwarai kuwa. Ina yarinya Kaka Giwa ta haƙa tafkin nan da haurenta, a wata shekarar fari. Da ta tsufa ta tara mu ta ce, 'Kowace damina ruwa zai kwaso ƙasa ya zuba a ciki. Don haka duk wanda ya sha, ya ɗauki laka ya fita da ita.' Iyakar abin da ta ce ke nan. Mu kuwa muka riƙa sha muna fita da laka, muna tarawa a gefe. Shi ne tudun da kike gani."

Kyallu ta buɗe baki. "To, yaya aka yi abin ya juye?"

"A hankali, jikata. Bayan rasuwar Giwa aka naɗa masu tsaro don su riƙa tuna wa jama'a. Kakan Jatau da kakan Barmo ne, kuma sun yi aikinsu da gaskiya. Sai wata Barewa ta shafa wa ɗanta lakar a ƙafarsa mai ciwo, ciwon ya warke. Ko lakar ce, ko dama zai warke, oho. Kafin ka ce me, kowa na son laka. 'Ya'yan masu tsaro suka ce abu mai daraja haka ba a ɗiba a banza, sai an kawo ɗan abin gaisuwa. Marasa shi suka daina ɗauka. Da aka zo kan jikoki, sai tsoro ya kama su kada lakar ta ƙare abincinsu ya yanke. Shi ne suka ce kowa ya riƙa kawo ƙasa yana zubawa."

"Iya, ba ki faɗa musu ba?"

"Na faɗa har muryata ta dushe. Aka ce tsufa ne. Ke ce ta farko da ta zo ta tambaye ni."

Kyallu ta yi godiya ta tafi. Murna da tsoro suka haɗu mata, don ta san amsa, kuma ta san ba za a so jin ta ba.

Da la'asar, lokacin da dabbobi suka taru shan ruwa, Kyallu ta hau kan gungumen kanya ta ɗaga 'yar muryarta. Ta faɗi abin da ta gani a tudu da abin da Iya Dudu ta gaya mata. Ta ce, "Jama'a, da hannunmu muke binne tafkin nan. Kaka Giwa cewa ta yi a fita da laka!"

Wuri ya kaure da hayaniya. Barmo ya yi tsalle har ɗinya ta zubo daga bakinsa.

"A fita da laka? A banza? Kowa da kowa? Wannan ai ɓarna ce!"

Jatau ya buɗe fukafukai, kowa ya yi tsit. "Kun ji ko? Mu da muka gaji tafkin nan kaka da kakanni, yau 'yar ƙaya da tsohuwar da ta rikice za su koya mana maganar Kaka! Daga yau na haramta wa Kyallu da 'ya'yanta tafkin nan."

"Ranka ya daɗe, yaran fa? Me suka yi?"

"Da kin tuna da su kafin ki buɗe baki."

Jatau ya ga wasu na raɗa, ya san maganar Bushiya ta fara shiga kunnuwa. Sai ya ƙara ɗaga murya.

"Ku saurara da kyau! Duk wanda ya ce muku a fitar da laka daga tafkin nan, maƙiyin Kaka ne. Duk wata masifa da kuka gani a tafkin nan, maganinta ƙarin ƙasa. Ko daga bakina kuka ji an ce a fitar da laka, ku sani gwada ku nake yi. Ku ƙara zubawa!"

Dabbobi suka amsa, "Mun ji, mun bi!"

Sannan ya sanar da cewa za a yi babban biki na ciyar da tafki. Kowa zai kawo ƙasa ninkin wadda ya saba, shi kuma da kansa zai shiga tsakiya ya sa wa ruwan albarka.

Kyallu ta koma raminta da yara. Ta riƙa yawo tana nemo musu gunar daji suna tsotsa, har gunar ta ƙare. Autar ta daina wasa, ta daina ma kuka, sai dai ta kwanta tana lumshe ido. Kyallu ta yi nadamar bakinta, ta kuma rasa inda ta yi ƙarya.

Ranar biki ta zo. Tun da sassafe dabbobi ke jigilar ƙasa, masu baki da baki, masu hanci da hanci, kowane ɓangare na harar ɗaya. Suka zuba, suka zuba, har aka ci rabin Tudun Kaka. Gaisuwa kuwa ta taru tsibi a gindin tsamiya. Barmo ya ci har cikinsa na jan ƙasa. Jatau ya cika jakarsa da fara har tana rinjayarsa.

Da rana ta take, Jatau ya gyara farin gashinsa ya ce, "Bai dace Uban Tafki ya taka laka a gaban talakawa ba. Ma'aji, durƙusa in hau."

Barmo ya yi gunaguni, amma ya durƙusa. Jatau ya tsaya a gadon bayansa, ya ɗaga baki sama, suka shiga. Kwaɗi na kiɗa, jama'a na kirari.

Sabuwar ƙasar nan ta sha ruwa ta yi taushi kamar kunu. Barmo ya yi taku kaɗan, ƙafafunsa suka lume. Ya yunƙura, cikin nan mai nauyi ya ƙara danna shi. Ya sake yunƙurawa ya karkata, sai ga Uban Tafki ya hantsilo, tsulum, cikin laka. Fukafukansa suka dame, jakar ta ja wuyansa ƙasa, ya kasa tashi.

"Wayyo! Ku taimaka!" in ji Barmo. "Muna nutsewa!"

Dabbobi suka dubi juna. Wani Ɓauna, wanda ya fi kowa riƙo da al'ada, ya ce, "Masifa ta faɗa wa tafki! Me aka ce mana maganinta?"

Suka amsa baki ɗaya, "Ƙarin ƙasa!"

Suka ruga tudu da gudu. Suka dawo suna watsa ƙasa da iyakar ƙarfinsu, kuma don tsananin ƙauna, saitin shugabanninsu suke yi. Wani curi ya sauka a tsakar kan Jatau.

"Ku daina! Ku daina, mahaukata! Ku kwashe lakar! Ku fitar da ita!"

Ɓauna ya yi murmushi ya girgiza kai. "Allah ya ja zamaninka, mun gane. Gwada mu kake yi. Jama'a, a ƙara!"

"Ba gwaji ba ne! Na rantse ba gwaji ba ne!"

"Kai, Uban Tafki ya iya gwaji," in ji wata Gada, har da hawayenta. "Dubi yadda yake yi kamar da gaske."

Laka ta kai wa Barmo haƙarƙari. Jatau kuwa wuya da kai kawai ake gani.

Ana cikin haka sai ga Kyallu. Ba kallo ya kawo ta ba. Autarta ce ta kasa ɗaga kai, shi ya sa ta ɗauko ta a baki, sauran yaran na biye, ta ce yau ko za a kashe ta sai yaran nan sun sha ruwa.

Jatau ya hango ta. "Kyallu! 'Yar uwa! Ke kin san gaskiya, gaya musu!"

"Ranka ya daɗe, ai an haramta mini tafki."

"Na janye! Na janye haramcin!"

Jama'a suka ce, "Wannan ma gwaji ne!"

Kyallu ta nufi gungumen kanya, Ɓauna ya sha gabanta ya sunkuyar da ƙaho. "Ina za ki? Ba ki ji doka ba?"

Kyallu ta ajiye autar a gabansa. "Baba, dubi yarinyar nan. Ba faɗa na zo yi ba. Tambaya ɗaya zan yi maka, idan ka amsa ka ce in koma, zan koma."

"Yi."

"Tun kana ɗan maraƙi kake zuba ƙasa a tafkin nan. A lokacin ina ruwan yake tsayawa?"

Ɓauna ya waiga ya dubi gindin tsamiya. "A can. Har saiwar tsamiya yake taɓawa."

"Yanzu fa?"

Ɓauna ya dubi 'yar ragowar ruwan da ke can tsakiya. Ya dubi tsamiya, ya dubi tudun da suka cinye rabi, ya sake duban ruwan. Ya daɗe a haka, don Ɓauna ba mai saurin tunani ba ne.

"Ban taɓa tambayar kaina ba," in ji shi a hankali. Ya matsa gefe. "Ku bar ta ta gwada. Ni ma ina son in gani."

Kyallu ta bi gungume har ƙarshe. Ta sa 'yan ƙafafunta ta fara haƙa, tana dunƙula laka tana kaiwa waje, tana dawowa. Jama'a suka tsaya cirko-cirko da ƙasa a baki, suna jiran su ga abin da zai same ta. Babu abin da ya same ta. Ramin ya ɗan yi zurfi, sai ruwa ya fara tsattsafowa a hankali har ya cika shi.

Ta sa bakin autar a ciki. Yarinya ta sha, ta sha, ta buɗe ido, ta yi atishawa. Sauran yaran suka rufa a kai.

Kurege ne ya fara tofar da ƙasar bakinsa. "Ruwa! Wallahi ruwa ne!" Ya ruga ya kama haƙa kusa da ita. Zomo ya bi, Gada ta bi. Ƙishirwa ta fi ƙarfin tsoro. Ɓauna ya kutsa ya sa ƙaho ya kwaso laka mai yawa ya yi waje da ita. Kafin rana ta karkata, masu baki da masu hanci sun manta da gardamarsu, kowa na kwasa da abin da Allah ya ba shi.

Sai da aka haƙa har kusa da tsakiya sannan aka kai ga masu tsaro. Ɓauna ya sa ƙaho ya finciko Barmo, aka jawo Jatau da wuya. Lakar da ke kan Jatau ta yini a rana ta bushe ƙamas. Da aka zo ɓamɓare ta, sai ta taho da farin gashin nan gaba ɗaya. Kan ya fito tal, ja wur. Jatau ya leƙa ruwa ya ga kansa, bai sake kallon sama ba ran nan.

Barmo ya zube a kan gwiwoyinsa yana roƙon gafara. Ya daɗe a durƙushe har abin ya zame masa jiki. Idan kun taɓa ganin gyado na kiwo a kan gwiwa, to daga nan ya samo.

Dabbobi suka aika aka ɗauko Iya Dudu, ta maimaita musu maganar Kaka Giwa. Suka yanke cewa ba za a kori masu tsaro ba, amma za su koma aikin kakanninsu. Barmo zai riƙa turo laka da hanci, Jatau zai riƙa kwashe ta da jakar da ya saba cikawa da fara. Gaisuwa kuwa an soke ta.

Tafki ya yi zurfi, ruwan ya kai su har damina. Da ruwan sama ya sauka, ya cika har ya taɓa saiwar tsamiya.

Kada ku ɗauka wauta ta ƙare a dajin nan. Ba a daɗe ba, wata rana Kyallu na bakin tafki da 'ya'yanta, sai ga Zomo ya zo ya zube a gabanta da ɗinya a ganye, wasu na biye da shi.

"Ranki ya daɗe, Uwar Tafki! Mun yanke shawara ke ce sabuwar mai tsaro. Ga 'yar gaisuwa. A taimaka mana da ƙaya ɗaya daga jikinki mai albarka, mu rataya a ƙofar rami."

Kyallu ta dube shi, ta dubi ɗinyar. "Ƙayata? Me za ta yi maka?"

"Ai ke ce kika fito da ruwa."

"Rami na haƙa, Zomo. Kai ma ka haƙa, ina kallonka."

"Duk da haka, ranki ya daɗe, ko ƙasar da kika taka ce a ba mu."

Can gefe Barmo ya ɗago kai daga cikin laka, kunnuwansa suka miƙe, idonsa na kan ɗinyar. Kyallu ta gan shi. Ta tura wa Zomo ganyensa.

"Zomo, ka sha ruwa?"

"Na sha, ranki ya daɗe."

"To, ɗauki laka ka fita."

Darasin wannan labari shi ne, magana mai kyau takan lalace a hannun masu cin abinci da ita, har ta koma kishiyar abin da aka faɗa tun farko. Kaka Giwa ba ta yi kuskure ba, masu girman kai da haɗama ne suka juya maganarta, jama'a kuma suka bi ido rufe. Don haka, yara, ku girmama na gaba da ku, amma idan an ce ku yi abu, ku tambayi dalilinsa cikin ladabi, ku kuma duba ku ga ko yana haifar da abin da aka ce. Shugaban da ya hana mabiyansa tambaya, ranar da ya faɗa rami ba zai sami mai jin kukansa ba.